Ƙungiyoyin masu aikin kwano a zangunan Accra: daga dokar 1941 zuwa rushe filin Agbogbloshie

Masu aikin kwano su ne masu sana'ar yanka fallen ƙarfe marar kauri, su lanƙwasa shi, su haɗa shi da ƙusa ko dalma ko walda har ya zama abin amfani, kamar rufin ɗaki, bokiti, kurfoti, adaka, tankin ruwa ko jikin mota. A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana ce wa fallen tol. A Accra, babban birnin Ghana, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, sana'ar ta daɗe a unguwannin zango irin su Nima, Maamobi, Sabon Zango da Fadama.

Haɗin kan masu wannan sana'a a Ghana ya bi hanya biyu. Waɗanda ke karɓar albashi a kamfani ko a ma'aikatar gwamnati sun shiga ƙungiyoyin ƙwadago, wato abin da ake kira sandika a Nijar, kuma daga 1958 doka ta cuɗe su da sauran ma'aikata a cikin manyan ƙungiyoyi. Waɗanda ke aiki a rumfunan bakin titi, kuma su ne mafi yawa a zango, sun kafa nasu ƙungiyoyin, waɗanda babbar gwagwarmayarsu ta filin zama ce. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce ƙungiyar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie, wadda hukuma ta rushe filinta a ranar 1 ga Yulin 2021.

Sana'ar da yadda ake koyon ta

A ƙasar Hausa an saba raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu ƙera fartanya, garma, gatari da wuƙa, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Aikin kwano ya zo daga baya, lokacin da kamfanonin Turawa suka fara shigo da kwanon rufi, garwar kananzir da gwangwanayen madara da na kifi. Garwar da mai ya ƙare a cikinta sai ta koma ta ɗiban ruwa, ko a buɗe ta a yi murfi da mazurari, gwangwanin madara kuma ya zama fitilar aci-balbal. Daga baya aka ƙara da tsofaffin durom-durom, jikin mota da na firji.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai almakashin ƙarfe, guduma, awartaki, da guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa da ke tsayawa a madadin uwar maƙera. Wanda ya samu hali yakan ƙara injin walda. Kasuwar wasu kayan tana da lokacinta: akwatin ƙarfen da ɗaliban makarantun kwana na Ghana ke tafiya da shi ya fi fita gab da komawa makaranta, kwanon rufi da indararo kuwa kafin damina.

Ana shiga sana'ar ne ta hannun maigida. Iyaye kan kai yaro, su biya kuɗin shiga, ya yi shekara uku ko fiye yana aiki ba albashi, sai ɗan kuɗin abinci, kafin a yi bikin yaye shi. Wannan tsari ya yi tasiri a kan irin ƙungiyar da masu sana'ar suka iya kafawa. Makamin ƙungiyar ƙwadago shi ne yajin aiki da zaman daidaita albashi da mai kamfani. A rumfar da maigida ke riƙe da guduma tare da yaransa, wanda kuma kowane yaro ke fatan zama irinsa, babu wanda za a yi wa yajin aiki.

Zango da batun fili

Hausawa sun fara zama da yawa a Accra a ƙarshen ƙarni na 19. Wasu fataken goro ne da dabbobi, wasu malamai ne, wasu kuma sojojin da suka yi wa Turawan Ingila yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 suka ƙi komawa gida. Birnin ya zama hedkwatar mulkin mallaka na Gold Coast a 1877. A wajajen 1881 Malam Idris Naino ya samu fili daga hannun 'yan ƙabilar Ga, masu ƙasar, wurin da aka riƙa kira Zangon Malam. Ɗansa, Malam Baƙo, shi ya jagoranci kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima ta faro a farkon shekarun 1930 a filin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu daga wani gida na Osu, ta kuma cika da jama'a a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sansanonin soja da ke kusa suka jawo masu neman aiki. Maamobi ta bunƙasa a gefenta.

Abu biyu daga wannan tarihi sun bi masu sana'a har yau. Na farko shi ne salon shugabanci: kowace ƙabila a zango da sarkinta, kuma masu sana'a sun taso da sanin dattijon da ke raba gardama, kamar Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa a ƙasar Hausa. Na biyu shi ne fili. Mazauna zango baƙi ne a ƙasar da asalinta ta Ga ce ko ta gwamnati, rumfunan sana'a da yawa kuma an kafa su ne a gefen titi, bakin kwata ko filin da aka ba da aro, ba tare da takardar mallaka ba.

Ƙungiyoyin farko a zamanin Turawa

Ƙungiyoyin ƙwadago na Ghana sun samo tushe ne a Sekondi da Takoradi, a yammacin gaɓar teku, inda hukumar jirgin ƙasa ke da babbar ma'aikatarta ta gyare-gyare. Titin jirgi daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. A wannan ma'aikata ne masu aikin ƙarfe, ciki har da masu gyaran tukunyar jirgi da masu aikin tagulla da kwano, suka fara aiki ɗaruruwa a ƙarƙashin rufi ɗaya da mai biyan albashi ɗaya. Ƙwararrun galibi mutanen gaɓar teku ne da suka yi makaranta, yayin da 'yan arewa suka fi yawa a aikin lebura.

Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1941 ta halatta wa mutum biyar ko fiye su kafa ƙungiya su yi mata rajista. Saboda sauƙin sharaɗin, ƙananan ƙungiyoyi suka yawaita, kusan kowane kamfani da tasa. A 1945 ƙungiyoyi 14 suka haɗu a Sekondi suka kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, TUC. A Janairun 1950 ta kira yajin aikin gama-gari wanda ya zo daidai da gangamin da Kwame Nkrumah da jam'iyyarsa ta CPP suka ƙaddamar na neman mulkin kai. Pobee Biney, direban jirgin ƙasa, da Anthony Woode na cikin jagororin. Turawa sun murƙushe yajin, suka ɗaure shugabanni, amma daga nan ƙwadago da siyasar neman 'yanci suka ɗaure da juna.

Dokar 1958 da kafa ICU

Bayan samun 'yanci a 1957, babban sakataren TUC John Tettegah ya nemi a kawo ƙarshen ƙananan ƙungiyoyi, bisa koyi da tsarin Isra'ila da na Jamus ta Yamma. Dokar hulɗar ma'aikata ta 1958 ta amince da ƙungiyoyi 24 kacal a faɗin ƙasar, dukansu a ƙarƙashin TUC, ta kuma ba da damar a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Daga baya aka rage su zuwa 16, sannan zuwa 10 a 1965.

An tsara waɗannan ƙungiyoyi ne bisa wurin aiki, ba bisa sana'ar hannun mutum ba. Mai aikin kwano a ma'aikatar jirgin ƙasa ya zama ɗan ƙungiyar ma'aikatan jirgi. Mai kafa rufi a kamfanin gine-gine ya shiga ta magina. Wanda ke masana'anta kuwa ya samu kansa a ƙungiyar ma'aikatan masana'antu, wadda ita ma ba ta daɗe da sunanta ba: a 1960 aka haɗe ta da wasu huɗu aka kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antu da Kasuwanci, ICU. A cikinta mai narka ƙarfe ya zauna kujera ɗaya da akawun kanti, ma'aikacin otal da mai buga jarida. ICU ta girma har ta zama mafi yawan mambobi a cikin TUC.

Tsarin ya ba ma'aikatan kamfani yarjejeniyar albashi da kuɗin tafiyar da ƙungiya, amma ya sa shugabannin TUC a aljihun jam'iyya mai mulki. Wannan ya fito fili a Satumban 1961, lokacin da ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar ruwa a Sekondi da Takoradi suka yi yajin kwana 17 kan tilasta musu ajiye kashi 5 cikin 100 na albashinsu, shugabannin TUC kuma suka tsaya a bayan gwamnati. Mai rumfa a Nima ko Sabon Zango ba shi da gurbi a wannan tsari gaba ɗaya, tunda ba shi da albashin da za a cire kuɗin ƙungiya daga ciki.

Masana'antun Tema

Shekarun 1960 su ne lokacin da aikin ƙarfe na albashi ya fi bunƙasa. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema, gabas da Accra, a 1962, aka kafa masana'antar narka tsohon ƙarfe a garin, aka kuma kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965. Kamfanin Valco mai narka alminiyam, wanda kamfanonin Amurka Kaiser da Reynolds suka mallaka, ya fara aiki a 1967 da wutar Akosombo.

Sai dai alminiyam ɗin bai sauka a hannun masu sana'a kai tsaye ba. Valco na shigo da garin da yake narkawa daga waje, yana fitar da sandunan alminiyam zuwa waje, alhali ma'adinin da Ghana ke haƙowa a Awaso ana fitar da shi ɗanye. Sai a 1985 kamfanin Aluworks ya fara murza alminiyam a Tema yana fitar da falle na rufi da na tukwane. Valco ya sha tsayawa saboda ƙarancin wuta, musamman bayan farin 1983 da kuma a 2003, gwamnati ta saye kason Kaiser a 2004. Aluworks kuma ya yi ta fama da gasar kwano mai arha daga China. Masu rumfa sun ci gaba da dogaro da tsohon ƙarfe, abin da ya ɗaure sana'arsu da ta 'yan gwangwan.

Korar baƙi da rushe TUC

Sojoji sun kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966. Gwamnatin farar hula ta Kofi Busia da ta biyo baya ta ɗauki matakai uku da suka taɓa mazauna zango da ma'aikata. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Ɗimbin mutane suka fice, galibi 'yan Najeriya, Nijar, Togo da Burkina Faso ta yau, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Ghana ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Masu sana'a da yawa sun sayar da kayan aikinsu a wulaƙance ko sun bar su. A 1970 aka yi dokar da ta keɓe ƙananan harkokin kasuwanci ga 'yan ƙasa. A Satumban 1971 kuma majalisa ta rushe TUC kanta bayan saɓani kan harajin da aka ɗora wa albashi.

Kanar Ignatius Acheampong ya kifar da Busia a ranar 13 ga Janairun 1972, ya kuma maido da TUC ba da jimawa ba. Wasu daga cikin waɗanda aka kora sun komo a hankali, amma abin da ya faru a 1969 ya sa mazauna zango da yawa suka daɗe suna ɗari-ɗari da duk wata rajista da za ta tambayi asalin mutum.

Komawa bakin titi

A farkon 1983 Najeriya ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka komo gida cikin shekarar fari da yunwa. A Afrilun shekarar gwamnatin Jerry Rawlings ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. An rage ma'aikatan gwamnati, an sayar da kamfanoni ko an rufe su, an buɗe ƙofa ga kayan waje. Ƙwararrun da suka rasa aiki suka kafa rumfuna, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi asarar mambobi.

A wannan zamani ne ƙungiyoyin masu zaman kansu suka yi ƙarfi. Ƙungiyar masu gareji ta ƙasa, GNAG, wadda ta fito a shekarun 1980, ta tattara makanikai, masu walda, masu gyaran jikin mota da masu fenti a wurare irin su Kokompe a Accra da Suame Magazine a Kumasi. Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne neman fili daga hukuma da raba shi ga mambobi, sasanta rikici tsakanin maigida da yaro ko da mai kaya, tara gudummawar jana'iza da ta jinya, da adashe, wanda ake kira susu a Ghana. Daga 1987 hukumar haraji ta fara karɓar harajin masu zaman kansu ta hannun ƙungiyoyinsu, farawa da ta direbobi, GPRTU. Wannan ya ba shugabannin ƙungiyoyi ƙarfi a kan mambobi da kuma kujera a gaban hukuma, kafin a koma tsarin kan sarki na haraji a 2005.

TUC ta yi ƙoƙarin jawo masu zaman kansu. Ƙungiyar ma'aikatan gona ta ɗauki ƙananan manoma, ta ma'aikatan katako ta ɗauki kafintoci, ICU ta ɗauki masu gyaran gashi, daga baya kuma aka kafa UNIWA domin tattara ƙungiyoyin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. ICU kanta ta fice daga TUC a tsakiyar shekarun 2000, ta tsaya da ƙafarta.

Ƙungiyar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie

Agbogbloshie fili ne a bakin kogin Odaw, kusa da inda yake shiga tafkin Korle, tafiyar ƙafa daga Sabon Zango. A ɗaya gefen akwai unguwar Old Fadama, wadda ta cika da 'yan arewacin Ghana, musamman bayan rikicin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba. A farkon shekarun 1990 hukumar birnin ta mayar da kasuwar doya da ta albasa wannan yanki. Albasar galibi daga Nijar take zuwa, daga yankin Galmi da Agadez, kuma 'yan Nijar na da yawa a cikin dillalanta.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun kafa sansani a gefen kasuwar, a filin hukumar matasa ta ƙasa, wadda ta ba ƙungiyarsu hayarsa a 1994. Ƙungiyar, wadda aka fi sani da GASDA, tana da mambobi kimanin 3,000 a wani bincike da aka yi a 2010. Mafi yawansu Dagomba ne Musulmi, tare da 'yan Nijar da Najeriya da wasu ƙasashe, Hausa kuma na cikin harsunan ciniki. Tana karɓar kuɗin mamba, tana raba wurin zama, tana shiga tsakani idan 'yan sanda sun kama wani da zargin sayen kayan sata.

Kafin a rushe filin, aikinsa matakai ne. Yara masu tura kura suna zaga unguwanni suna sayen mataccen firji, injin mota, talabijin da kwamfuta. Masu fasawa suna raba tagulla, alminiyam da baƙin ƙarfe. Dillalai na auna kaya su tura masana'antun Tema ko masu fitarwa waje. A gefensu kuma akwai masu sana'a: masu zubin tukwanen alminiyam, masu kurfoti da murhun gasa nama, masu akwati da bokiti, waɗanda ke samun fallensu da arha a nan take. Masu rumfuna daga wasu unguwanni ma nan suke zuwa sayen kayan aiki.

Abin da ya fitar da sunan wurin a duniya shi ne ƙona wayoyin lantarki don a ciro tagulla. Rahoton ƙungiyar Greenpeace na 2008 ya nuna gubar dalma da wasu sinadarai a ƙasar wurin, a 2013 kuma cibiyar Blacksmith ta Amurka ta sa shi cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. Kafofin watsa labaran waje sun riƙa kiran sa jujin da Turai ke zubar da shararta, kodayake masu bincike sun nuna cewa mafi yawan kayan an gama amfani da su ne a gidaje da ofisoshin Ghana kafin su isa can. Hayaƙin da gubar sun cutar da ma'aikatan da maƙwabtansu.

Ƙungiyar ta yi aiki da masu neman gyara. A 2014 aka buɗe wurin feɗe waya da inji a madadin ƙonawa, da haɗin gwiwar Blacksmith da wata ƙungiyar kare muhalli ta Ghana. A 2016 majalisa ta yi doka mai lamba 917 kan shara mai guba da ta kayan lantarki. A 2019 aka buɗe cibiyar horo da ɗakin shan magani a filin da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Ta fuskar ciniki kuwa, dokar 2013 da ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe waje ta tilasta wa dillalai sayarwa ga masana'antun cikin gida, suka daɗe suna kuka kan farashi da jinkirin biya.

Rushewar 2021

Barazanar tashi ta daɗe a kan yankin. Bayan ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yunin 2015, waɗanda suka kashe mutum fiye da 150 a Accra, hukumar birnin ta rushe wani ɓangare na Old Fadama a cikin watan, tana cewa gine-ginen na toshe hanyar ruwa.

A 2021 ministan yankin Accra, Henry Quartey, ya ƙaddamar da shirin rage cunkoso a birnin. Aka umarci 'yan albasa su koma Adjen Kotoku, a wajen gari ta arewa maso yamma. A ranar 1 ga Yuli motocin rusau da rakiyar 'yan sanda da sojoji suka shiga, suka share kasuwar albasa da filin 'yan gwangwan. Shugabannin ƙungiyar sun ce ba a ba su isasshen lokaci ba, kuma mambobi da yawa sun yi asarar kaya da jari. Hayar da suka yi shekara 27 suna zaune a kanta ba ta kare su ba.

'Yan ƙungiyar sun haɗa kuɗi sun sayi fili a Teacher Mante, a Jihar Gabas, kan hanyar Kumasi. Wurin na da nisa daga unguwannin da ake samo kaya, kuma mai tura kura ba zai iya kai kaya can ya komo a yini ɗaya ba. Da yawa sun koma aiki a lungunan Old Fadama da wasu unguwanni, kusa da ɗakunan kwana, ƙonar waya kuma ta bazu zuwa ƙananan wurare da ba a sa musu ido. Masu kurfoti da tukwane sun rasa kasuwa ɗaya da suke samun komai a cikinta.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Birtaniya, inda Ghana ta gaji dokokinta na ƙwadago, masu aikin kwano sun daɗe da ƙungiya ta sana'arsu zalla. Ƙananan ƙungiyoyin garuruwa sun haɗu a 1920 suka kafa ta ƙasa, wadda ta haɗe da ta masu aikin tagulla a 1959 da ta masu haɗa bututun ɗumama gidaje a 1967. Masu sana'ar na Birmingham sun riƙe tasu daban har 1973. Da masana'antun motoci da na jiragen ruwa suka ja baya, injinan matse ƙarfe kuma suka rage buƙatar aikin hannu, ƙungiyar ta narke cikin TASS a 1983, bayan wasu haɗe-haɗe kuma mambobinta suka ƙare a cikin Unite a 2007. A Amurka an kafa irinta a 1888 a birnin Toledo, ita ma daga baya ta haɗe da ta ma'aikatan sufuri suka zama SMART.

Najeriya ta bi hanya irin ta Ghana. A 1978 gwamnatin soja ta taƙaita ƙungiyoyi zuwa 42 a ƙarƙashin NLC, ciki har da ta ma'aikatan kamfanonin kayan ƙarfe, wadda aka haɗe da wasu a 1996 aka kafa SEWUN. Masu rumfa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano suna da ƙungiyoyinsu na kasuwa. A Nijar ma manyan sandikoki irin su USTN sun fi ƙarfi a cikin ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, masu tol da tukwane na kasuwar Katako a Yamai kuwa suna ƙarƙashin ƙungiyoyin masu sana'ar hannu.

Abin da doka ta tanada a yau

Fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Ghana ba su da albashin kamfani ko na gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba kowane ma'aikaci 'yancin kafa ƙungiya ko shiga wadda yake so, dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ce ma'aikata biyu ko fiye a wurin aiki ɗaya suna iya kafa ta. Dokar fansho ta 2008 ta buɗe wa masu zaman kansu hanyar yin ajiya da son ransu, inshorar lafiya ta ƙasa kuma, wadda aka kafa a 2003, tana karɓar mazauna ƙasar. Mai sana'ar da ya koya a hannun maigida yana iya zana jarrabawar gwaji ya samu takardar shaida. A 2017 aka yi dokar Asusun Raya Zanguna, wanda koyar da sana'a na cikin ayyukansa.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, akwai ƙarin sharuɗɗa. Yarjejeniyar ECOWAS ko CEDEAO ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza su zauna kwana 90, bayan haka ana buƙatar takardar zama. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe talla da sayar da kaya a rumfunan kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta ne aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe, su kuma bar musu damar zirga-zirga da zama har sai an sanar da wani sabon tsari.